Yadda Za Ka Shirya Fita Farautar Akwati da Yaro a Tuddan Dartmoor

A kudu maso yammacin Ingila, cikin yankin Devon, akwai wani makeken fili da ake kira Dartmoor, faɗinsa murabba'in kilomita 954. Idan ka shiga tsakiyarsa ba ka ganin komai sai tuddai, ciyawa, fadama da tsibin duwatsu, sai tumaki da ƙananan dawaki suna kiwo ba makiyayi. A ƙarƙashin waɗannan duwatsu mutane sun ɓoye ƙananan akwatuna masu yawan gaske. Cikin kowanne akwai hatimin roba da ɗan littafi. Wanda ya gano akwati sai ya buga hatimin da ke ciki a nasa littafin, ya buga nasa hatimin a littafin akwatin, ya rufe ya mayar yadda ya tarar. Wasan ke nan gaba ɗaya.

Abin ya samo asali ne a 1854, lokacin da wani ɗan jagora daga garin Chagford mai suna James Perrott ya ajiye kwalba a Cranmere Pool, can cikin lungun arewacin filin, domin duk wanda ya sha wuya ya isa wurin ya jefa katin sunansa. Daga baya matafiya suka riƙa barin wasiƙa, wanda ya zo bayansu ya ɗauka ya kai gidan waya. A 1938 aka kafa wani akwatin a Duck's Pool don tunawa da William Crossing, marubucin da ya san filin ciki da bai. Sai wajen shekarun 1970 da 1980 akwatunan suka yawaita, kuma bayan wata mujallar Amurka ta yi rubutu a kai a 1998 wasan ya tsallaka teku.

Wannan jagora na iyayen da ke zaune a Ingila ne, musamman 'yan'uwanmu masu karatu ko aiki a Exeter da Plymouth, waɗanda filin ke bakin ƙofarsu amma yaransu ba su taɓa taka shi ba. Abin da nake so ka riƙe tun daga nan shi ne: fitar ta yaron ce, shi zai gano akwatin da hannunsa. Kai naka aikin yawancinsa a gida ake gama shi, kafin a sa takalmi.

Fara da samo ishara mai rai

Ba a fita a yi ta ɗaga duwatsu a kan sa'a. Kowane akwati yana da isharar da mai shi ya rubuta, wadda ke nuna inda yake. A al'adance babban kundin isharorin na waɗanda suka riga suka gano akwati 100 ne, su ne ake ba bajen ƙungiyar masu ɗari. Sabon shiga kuwa hanyarsa mafi sauƙi ita ce takardar zagaye ta sadaka: wasu mutane sukan ɓoye jerin akwatuna a kan hanya ɗaya mai zagayowa, su sayar da takardar isharorin a kan 'yan fam kaɗan, kuɗin ya tafi ga aikin taimako. Ana samun irin waɗannan takardu a taron masu wasan da ake yi sau biyu a shekara, ranar da ake sauya agogo, wato Lahadin ƙarshe ta Maris da ta Oktoba, ana kuma tallarsu a intanet. Cibiyoyin baƙi na hukumar da ke kula da filin, kamar na Haytor da Postbridge, wuri ne mai kyau na yin tambaya.

Kafin ka biya, duba abu biyu. Na farko, yaushe aka ajiye akwatunan, kuma har yanzu suna nan? Zagayen sadaka na ɗan lokaci ne, ana kwashe shi idan wa'adinsa ya cika. Tsohuwar ishara da ka tsinta a intanet sau da yawa rami kawai za ta kai ka, kuma babu abin da ke kashe wa yaro gwiwa kamar ramuka uku a jere ba komai ciki. Na biyu, kilomita nawa ne zagayen, kuma ina akwatin farko yake daga inda ake ajiye mota? Idan ya wuce tafiyar minti 20, nemi wata takardar. Yaro yana bukatar ya riƙe hatimi a hannunsa tun ƙafarsa ba ta gaji ba, daga nan shi zai riƙa jan ka.

Hatimin yaro

Wannan aikin yammacin Asabar ne a gida, mako guda kafin fita. Sayi farin magogin fensir mai faɗi. Yaron ya zaɓi sunan da zai riƙa sa hannu da shi, domin masu wasan da laƙabi suke amfani, ba sunan yanka ba, kuma hakan ya fi ga yaro tunda littafin akwati kowa na iya buɗe shi. Ya zana abu mai sauƙi a takarda da fensir mai laushi: tauraro, zakara, jinjirin wata. Kife takardar a kan magogin ka murza bayanta da babban yatsa, zanen zai koma kan robar a juye, yadda ake so. Sai kai babba ka sa 'yar wuƙa mai kaifi ka sassaƙe duk inda babu zane. Idan akwai haruffa, wannan dabarar kifewa ce ke hana su fitowa a baibai.

A haɗa masa da ƙaramin littafi marar layi mai kaurin takarda, da kushin tawada, da biro. Kada ka dogara da cewa za ka tarar da tawada a cikin akwati, yawanci babu. Duka a zuba a leda mai zif, domin ruwan sama da tawada ba sa ga maciji.

Koyon kamfas a filin unguwa

Nan ne ya kamata ka ɓata lokaci, domin nan ne iyaye da yawa ke sakaci. Isharar Dartmoor yawanci lambobi ce. Ga misali na ƙirƙira don bayani kawai: "Tsibin dutse mafi tsawo a 245. Bishiya tilo a 030. Ƙarƙashin dutse mai lebur, taku 12 a kan 180 daga babban dutse mai tsaga." Ma'anarsa, idan kana tsaye daidai kan akwatin ka auna da kamfas, za ka ga tsibin dutsen a digiri 245, bishiyar kuma a digiri 30. Aikinka shi ne ka yi ta matsawa har lambobin biyu su yi daidai a lokaci guda. Jimlar ƙarshe kuma tana nufin daga babban dutse mai tsaga ka doshi digiri 180 ka yi taku 12.

Yadda ake aunawa: riƙe kamfas a kwance a tafin hannu, daidai ƙirji. Nuna kibiyar da ke jikin farantin zuwa abin da kake aunawa. Juya zoben har jan bakin allura ya kwanta cikin kibiyar da aka zana a ƙasan zoben. Karanta lambar da ta faɗo kan layin. Idan kuma lambar aka ba ka, ka fara saita ta a zoben, sannan ka juya jikinka gaba ɗaya, ba hannunka kaɗai ba, har allurar ta shiga ɗakinta, wato kibiyar nan ta ƙasan zoben. Inda kibiyar farantin ta nuna, nan za ka dosa. Yaro ɗan shekara 7 yana kama wannan cikin rabin awa idan aka ce masa "mayar da ja cikin ɗakinsa". Nesanta kamfas da waya, makullin mota da shingen ƙarfe, suna karkatar da allura.

Sai maganar taku. Wanda ya rubuta ishara babba ne, don haka taku 12 nasa na iya zama 18 na yaro. Ku auna a fili: ka yi taku goma, ya bi sawunka yana ƙirga nasa, ku rubuta lissafin a bangon littafinsa. Daga nan ka ɓoye gwangwani a lambun unguwa, ka rubuta masa ishara, ya nemo. Gobe shi ya ɓoye, kai ka nema. Ranar da ya rubuta maka ishara ka bi ta kai ka, ya shirya.

Wani abu da ke rikita sababbi: arewar da allura ke nunawa tana gusawa a hankali shekara bayan shekara. Isharar da aka rubuta shekaru talatin da suka wuce tana iya saɓawa da 'yan digirori a yau. Wannan ma wani dalili ne na neman sabuwar takarda. Kuma tunda kamfas na hannu, idan Azahar ta riske ku a can, alƙibla daga Devon tana wajen digiri 115 ne. Bar yaron ya saita muku.

Zana hanya a kan taswira

Taswirar da kowa ke amfani da ita ita ce OL28 ta Ordnance Survey, hukumar zana taswira ta Birtaniya. Santimita 4 a kanta daidai yake da kilomita 1 a ƙasa. Kowane murabba'i mai shuɗin layi kilomita ɗaya ne. Sayi ta takarda, mai rufin roba idan da hali. Waya tana da amfani, amma sanyi na shanye batir, kuma akwai kwaruruka da yawa da babu sabis. Isharori sukan zo da lambar wuri mai alƙaluma shida bayan haruffan SX. Ukun farko ana karanta su daga hagu zuwa dama, ukun ƙarshe daga ƙasa zuwa sama. Duwatsun Haytor, alal misali, suna SX 757 770. Irin wannan lamba tana kai ka cikin fili mai faɗin mita 100 ne kawai, sauran aikin na kamfas da ido ne.

Shimfiɗa taswirar a tabarma tare da yaron, ku ɗiga kowane akwati da fensir. Sannan ka yanke tsawon tafiya da ƙafarsa, ba da taka ba. A ganina ɗan shekara 5 ko 6 kada ya wuce kilomita 2 zuwa 3 a fitar farko, ɗan shekara 10 kuwa zai iya 5 ko 6. Tsohon ma'aunin masu hawan tsauni na Birtaniya yana ba babba awa guda a kan kilomita 5, da ƙarin awa guda a kan kowane hawan mita 600. Da yaro, ninka lokacin sau biyu, sannan ka ƙara minti 15 na neman kowane akwati. Za ka ga zagayen kilomita 3 mai akwati shida ya cinye awa uku ba a sani ba. Idan takardar tana da akwati goma sha biyu, ba dole a gama su rana ɗaya ba.

Don fitar farko zaɓi gefen filin, inda hanya ke kusa kuma duwatsun ke fitowa sarai. Yankin Haytor, da ake hawa daga Bovey Tracey, yana da wurin ajiye mota da bayan gida, kuma akwai tsohon layin dogo na dutse da aka shimfiɗa a 1820 don jigilar duwatsu daga mahaƙa, wanda yaro zai iya bi da ƙafa ba ya ɓata. Kusa da shi akwai Hound Tor da kufan wani tsohon ƙauye. Postbridge na da tsohuwar gada ta falalen duwatsu da dajin Bellever, inda itatuwa ke tare iska. Wanda ba shi da mota, jirgin ƙasa daga Exeter zuwa Okehampton, garin da ke bakin arewacin filin, ya dawo aiki tun Nuwamban 2021. Cranmere Pool kuwa, duk da shahararsa, a bar shi sai yaro ya girma. Tafiya ce mai nisa cikin caɓi, kuma a cikin filin atisayen soja yake.

Maganar soja ba ta wasa ba ce. Arewacin Dartmoor na da filayen harbi uku: Okehampton, Merrivale da Willsworthy. An kewaye iyakarsu da sanduna masu launin ja da fari. Ranar da ake harbi ana ɗaga jajayen tutoci a kan tuddai da rana, a kunna jajayen fitilu da dare, kuma ana wallafa jadawalin a shafin gwamnatin Birtaniya. Duba shi ko da kana ganin hanyarka ba ta kai can ba. Ka kuma gaya wa yaron tun a gida: duk wani ƙarfe da ya gani a ƙasa, kada ya taɓa, ya kira ka. Saboda haka ne ma aka daina ɓoye akwatunan wasan a cikin gwangwanin ƙarfe, yanzu na roba ne.

A kan taswirar ka lura da alamar fadama, 'yan shuɗɗan ciyayi da aka zana. Kewaye su. A ƙasa kuma, inda ka ga wuri lebur mai kore shar fiye da kewayensa, ba ciyawa ba ce, gansakuka ce a kan ruwa, ƙafa na lumewa har gwiwa ko fiye. Kada hanyarka ta dogara da tsallake rafi inda babu gada, domin rafukan wurin na cika cikin ɗan lokaci bayan ruwa. Daga ƙarshe ka sa alama a wuri ɗaya ko biyu da za ku iya yanke zagayen ku koma mota, ka kuma tsayar da lokacin juyawa, misali ƙarfe biyu, ko an samu akwati ko ba a samu ba. Faɗa wa yaron wannan lokacin tun kafin ku fita, don kada ya zama rigima a kan tudu.

Yanayi da kaya

Princetown, da ke tsakiyar filin, na samun ruwan sama kusan milimita 2,000 a shekara, fiye da ninki biyu na abin da Kano ke samu. Ana iya barin Exeter da rana tas a tarar da hazo ya rufe tuddai, irin wanda ba ka ganin mutum a taku ashirin. Duba hasashen Met Office, hukumar yanayi ta Birtaniya, daren jajibiri da kuma safiyar ranar. Idan an ce hazo ko iska mai ƙarfi, a ɗage. Daga Mayu zuwa Satumba ya fi dacewa. A Disamba rana na faɗuwa wajen ƙarfe huɗu na yamma, lokacin ya yi kaɗan.

Sutura a yi ta hawa-hawa: riga mai ɗumi a ciki, rigar sanyi, sai rigar ruwa mai hula a sama. A guji wandon jin da auduga, idan suka jiƙe ba sa bushewa, sai su riƙa zuƙe ɗumin jiki. Dogon wando a cusa cikin safa. Takalmi mai tauri mai riƙe idon sawu, wanda aka riga aka saba da shi. A jakarka: safa ta canji, hula da safar hannu, fulas na shayi, ruwa, abinci fiye da yadda kake zato, dabino ko wani abu mai zaƙi na lokacin da gwiwa ta yi sanyi, tocila, kayan taimakon farko da matsefata. A bar cikakkun kayan canji a mota. Yaron ya rataya usur a wuya, ya ɗauki 'yar jakarsa mai littafi da hatimi, ya riƙe sanda.

Kafin ku tashi, bar wa wani a gida sunan wurin da za ku ajiye mota, hanyar da za ku bi da lokacin dawowa.

A bakin dutsen

Idan lambobin sun yi daidai, tsaya. Ajiye jakarka a nan ta zama alama, ka ce, "To, malam, daga nan aikinka ne." Ko ka hango wurin, kame bakinka. Abin da ake nema shi ne abin da bai yi kama da aikin Allah kai tsaye ba: ƙaramin dutse da aka toshe bakin rami da shi, ɗan guntun ƙasa da aka dasa, ciyawar da aka tattake. Yaro ya fi ka kusa da ƙasa, sau da yawa shi ke fara gani. Idan ya daɗe, taimaka da tambaya: "Da kai ne za ka ɓoye, ta wane gefe ruwa ba zai shiga ba?" Ka ga ya durƙusa ya leƙa, ya zaro 'yar robar magani mai murfi da laka a jikinta, yana ihu "Abba, ga shi!", hannu na rawa wajen buɗewa. Kada ka karɓa ka buɗe masa.

Doka ɗaya ba sassauci: sanda ke fara shiga rami, ba hannu ba. Akwai maciji mai dafi a filin, shi kaɗai ne irinsa a Birtaniya, mai zane kamar haƙoran zarto a gadon baya, yana son shan hantsi a kan duwatsu lokacin zafi. Ba ya neman mutum, gudu yake yi. Idan tsautsayi ya sa ya sari wani, kada a ɗaure, kada a tsaga, kada a tsotsa kamar yadda aka saba a gida. A kwantar da wanda aka sara, a hana gaɓar motsi, a kira lambar gaggawa 999.

An buga hatimai, an rubuta kwanan wata, yaron ya karanta sunayen waɗanda suka riga shi. Sai a rufe murfin da kyau a mayar da akwatin daidai inda yake, a toshe kamar yadda aka tarar, ba tare da masu wucewa sun gani ba. Wani lokaci za ku tarar da ƙaramin hatimi na biyu a ciki wanda aka rubuta cewa matafiyi ne. Wannan ana ɗauka a kai shi akwati na gaba.

Ka'idar wasan ta hana ɓoye akwati a kayan tarihi: da'irar duwatsu, kaburburan mutanen dā, kufan bukkoki, katangu. Don haka idan lissafinku ya kai ku jikin katanga, lissafin ne ya kuskure, kada a zare ko dutse ɗaya. Daga farkon Maris zuwa ƙarshen Yuli tsuntsaye na ƙwai a ƙasa cikin ciyawa, tumaki na da 'ya'ya, sai a bi turba gwargwadon hali. Dawakin nan kuma, duk kyansu, doka ta hana ba su abinci, suna cizo suna harbi.

Idan minti 15 ya wuce ba a samu ba, a wuce na gaba. Akwatuna na ɓacewa, ruwa na tafiya da wasu. Don irin wannan rana yana da kyau ka san cewa wasu shaguna da wuraren shan shayi a ƙauyukan filin suna ajiye nasu hatimin a bayan kanta, tambaya kawai ake yi, yaro ya koma gida da wani abu a littafinsa.

Riƙa duban yaron fiye da takardar. Wanda ke surutu ya yi tsit, yana karkarwa, yana tuntuɓe, sanyi ya fara shigarsa. A ƙara masa riga, a ba shi shayi da abin zaƙi, a juya. Idan hazo ya sauko, ku tsaya tare, ka auna hanyar komawa da kamfas tun kana ganin wani abu. Koya masa cewa in ya daina ganinka, ya tsaya cak inda yake ya busa usur. Alamar neman agaji busa shida ce, a huta minti ɗaya, a sake. Idan abin ya fi ƙarfinka, kira 999, nemi 'yan sanda, ka ce kana bukatar masu ceto na tsauni, ka ba su lambar wurin daga taswira.

Bayan an dawo

A daren nan, wajen wanka, a duba jikin yaron kaf saboda kaska: bayan gwiwa, hammata, cibiya, matsematsi, bayan kunne da cikin gashi. Ta can ƙanana ce ƙwarai, wata ba ta fi ƙwayar riɗi ba, kuma wasu na ɗauke da cutar Lyme. Idan an samu, a kama ta da matsefata dab da fata, a ja sama a hankali ba tare da matse cikinta ba, a wanke wurin da sabulu. Kada a sa mata wuta, man shafawa ko kananzir. Rubuta ranar. A makonnin da ke biye a lura da zazzaɓi, ciwon gaɓoɓi, ko wani tabo mai zagaye da ke faɗaɗa a inda ta ciza. A baƙar fata tabon ba lallai ya fito ja ba, yana iya kama da kwanciyar jini ko wuri mai duhu kawai, don haka a duba da haske sosai. In an ga ɗaya daga cikinsu, a kai shi wurin likita a faɗa masa cewa kaska ta cije shi a Dartmoor, da ranar da abin ya faru.